Akwatin lasifikar bes mai inci 10 a falon 12 da 14: rufaffe ko mai bututu?

Ɗan Tumfure: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Akwai lasifika mai inci 10, om 4, da nake so a yi wa akwati ta riƙa ba da bes, sai ƙanana biyu masu inci 5 da tuwita (ƙaramar lasifikar siririn sauti) a dama da hagu. Falon ƙafa 12 ne da 14, tayil a ƙasa, silin na POP. Wuta yawanci sola ce, batir ɗaya mai bolt 12. Kafinta ya ce a yi ƙaton akwati da rami biyu a gaba. Amfilifayar da aka nuna min kuma an rubuta mata 3000W. Me kuka gani?

Mai Gyaran Rediyo, Herwagana: Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa zarto, duba kwalin lasifikar ko takardar da ta zo da ita, ko akwai waɗannan lambobi: Fs (mitar sautin da lasifikar ke kaɗawa da kanta, ana aunawa da Hz), Qts da Qes (yadda take tsayar da kaɗawarta), Vas (laushinta, ana aunawa da lita). Su ne za su faɗi girman akwatin, ba idon kafinta ba. Shi 3000W ɗin nan kuwa, juya bayan amfilifayar ka karanta abin da aka rubuta a jikin adaftarta. In ka ga bolt 12, amfiya 3, to iyakar abin da ke shiga cikinta wat 36 ne, kuma babu na'urar da ke fitar da fiye da abin da ta ci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar da aka rubuta RMS a gefenta ita ce ta kusa da gaskiya, PMPO ta talla ce.

Ɗan Tumfure: Na duba, Oga. Fs 35Hz, Qts 0.40, Qes 0.44, Vas lita 60, sai ƙarfin ƙara 89dB.

Malamin Fiziks: Madalla, ka yi sa'a, yawancin na kasuwa ba sa zuwa da komai. Waɗannan lambobi su ake kira na Thiele da Small, injiniyoyi biyu da suka yi aikin a Ostireliya. Shi Thiele ya fitar da nasa tun 1961, Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970.

Fara da raba Fs da Qes: 35 ÷ 0.44 ya ba da kusan 80. In amsar ta gaza 50, lasifikar ta rufaffen akwati ce. In ta haura 100, ta mai bututu ce. Taka tana tsakiya, kowanne za ta iya zama a ciki.

Rufaffe: ana so Q, wato irin lambar Qts amma ta lasifika da akwati a haɗe, ya zama 0.707. Raba 0.707 da 0.40, ka samu 1.77. Ninka shi da kansa, 3.12. Cire 1, saura 2.12. Raba lita 60 da 2.12, ka samu lita 28. Shi ke nan girman cikin akwatin. Bes ɗin zai fara raguwa daga 35 × 1.77, wato wajen 62Hz, amma a hankali yake sauka, 12dB duk lokacin da mitar ta ragu da rabi.

Mai bututu: ga Qts 0.40 lissafi yana kaiwa wajen lita 60, a saita bututun a 35Hz. Zai kai ƙasa sosai fiye da rufaffe, sai dai akwatin ya ninka girma, kuma ƙasa da 35Hz sautin yana faɗuwa da sauri, 24dB duk lokacin da mitar ta ragu da rabi.

DJ Bolari: Mai bututu kawai. Wa zai kashe kuɗi ya sayi inci 10 sannan ya toshe mata numfashi a lita 28? Bututu yana ƙara ƙarfi a ƙasa ba tare da an ƙara wat ko ɗaya ba, kuma mutumin nan batir ɗaya gare shi.

Malamin Fiziks: Da a fili ne, wurin biki ko taro, da na bi bayanka ba musu. Amma ka dubi ɗakin. Kowane ɗaki yana da mitar da yake kumburawa, ana samunta ta raba gudun sauti, mita 343 a daƙiƙa, da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ƙafa 14 mita 4.27 ne, ya ba da 40Hz. Ƙafa 12 mita 3.66 ne, ya ba da 47Hz. In silin ya kai mita 3, akwai wata a 57Hz. Bangon bulo da siminti ba ya shanye komai a wannan wurin, mayarwa yake yi. To ka ga akwati mai bututu yana kan ganiyar ƙarfinsa daidai inda ɗakin ma yake ƙarawa. Abin da zai fito shi ne bes mai gurnani ɗaya, duk kiɗan da aka sa kamar waƙa guda, muryar mai karanta labarai ma sai ta yi kauri ta dushe. Rufaffen kuwa a 40Hz ya riga ya sauka da kusan 8dB, sai ɗakin ya cike masa giɓin.

Masu ɗaki 12 da 12 sun fi shan wannan wahalar, domin tsawo da faɗi duk a 47Hz suke haɗuwa.

DJ Bolari: Malam, wannan duk a takarda ne. Matasa gurnanin suke so.

Mai Gyaran Rediyo, Herwagana: Shi mai tambayar bai ce gidan kallo zai buɗe ba. Akwai kuma wani abu da ba a faɗa ba game da bututu. Ƙasa da mitar da aka saita shi, iskar cikin akwatin ba ta ƙara riƙe takardar gaban lasifikar mai tura iska, sai ta dinga kai da komo kamar babu akwati. Finafinan waje masu fashe-fashe suna da sauti a 20 zuwa 25Hz. A nan ake jin ƙas-ƙas, koyil yana dukan gindin maganaɗisu. Da yawa daga lasifikun da ake kawowa naɗi ba wuta ce ta ƙone su ba, wannan dukan ne ya lanƙwasa bakin koyil. Rufaffe ba ya da wannan matsalar, iskar ciki tana tare ta ko yaushe.

Wani abin kuma, rufaffe yana yafe kuskure. In ka yi lita 25 ko 32 maimakon 28, kunne da ƙyar zai gane. Mai bututu in aka kuskure tsawon bututun ko lambar Vas ta kamfani ba daidai ba ce, sautin ya tafi wani wuri.

Ɗan Tumfure: To rami biyun da kafinta ya ce fa?

Malamin Fiziks: Rami kawai ba bututu ba ne. Ka san ƙarar da kwalba ke yi in an busa bakinta? Girman cikinta da tsawon wuyanta su ke yanke mitar. Haka akwati yake. Rami a jikin katako wuyansa milimita 18 ne kacal, saboda haka zai saitu can sama, ya yi bum-bum a inda ba a so, ainihin bes na ƙasa kuma ya ɓace.

Ga mai son gwadawa, lissafin tsawon bututu da santimita: 23562.5 a ninka da (faɗin bututu × faɗin bututu), a raba da (Hz × Hz × lita), sannan a cire 0.732 × faɗin. Ga lita 60 da 35Hz, fayif na PVC mai faɗin santimita 7.5 a ciki zai zama tsawon 12.5. Mai faɗin 10 zai zama kusan 25. A auna cikin fayif ɗin da ruwula, domin abin da ake kira inci 3 ko inci 4 a shago ba lallai cikinsa ya yi daidai da sunan ba. Ƙaramin yana yin huci in an ƙure murya, iska tana wucewa da gudu fiye da mita 17 a daƙiƙa. Babban ya fi, amma a bar aƙalla santimita 10 tsakanin bakinsa na ciki da bangon baya. Bututu biyu masu faɗi ɗaya kuwa, kowannensu sai ya fi ninki biyu na tsawon guda ɗaya, ba rabi ba kamar yadda wasu ke zato.

Hajiya Mai Shago, Federal Low-cost: Ni tambayata, wanda lasifikarsa ba ta zo da takarda ba fa? Irin waɗanda ake kawowa daga Alaba ko Sabon Garin Kano a buɗe.

Mai Gyaran Rediyo, Herwagana: Hajiya, Fs dai ana iya samunta a gida. A sauke manhajar da ke fitar da sauti mita-mita a waya, a jona ta da amfilifaya. A sa resista mai om 10, wat 5, a jere da lasifikar. A rataye lasifikar ko a riƙe ta nesa da bango, ba cikin akwati ba. A saita mitar awon wuta a kan AC, a ɗora ta a bakin wayoyinta, murya ƙasa-ƙasa, a riƙa hawa daga 20Hz zuwa 100Hz. Inda bolt ya fi yawa, nan ne Fs. Qts da Vas suna buƙatar ƙarin awo, ana iya yi da manhajar REW a kwamfuta, kyauta ce. Wanda ba zai iya ba, ya tafi rufaffe: inci 8 lita 15 zuwa 20, inci 10 lita 25 zuwa 35, inci 12 lita 40 zuwa 55. Ba zai yi nisa da daidai ba. Mai lambobi a hannu kuma ya zuba su a manhajar WinISD, ya ga zanen akwatunan biyu gefe da gefe kafin ya sayi katako.

A kula, mitar awon wuta tana nuna om ƙasa da abin da aka rubuta a jikin lasifika. Mai om 4 za ta nuna 3 zuwa 3.5, mai om 8 za ta nuna wajen 6. Ba lalacewa ba ce. Amma wadda aka taɓa yi wa naɗi a auna ta dole, don mai naɗi yakan sa wayar da ya samu, om ɗin ya canza.

Ɗan Tumfure: Na gamsu da rufaffe. Wane katako?

Kafintan Kasuwar Katako: MDF, katakon garin itace da aka matse da gam, mai kauri milimita 18 shi ya fi sauƙin aiki, ba shi da ƙulli, ba ya ƙara. Aibinsa biyu: ruwa da sukuru. In ana goge tayil da ruwa kullum, gindinsa zai sha ya kumbura ya rugurguje, don haka a sa masa ƙafafun roba, a shafe gefunan da aka yanka da gam mai ruwa-ruwa ko fenti kafin damina. Sukuru kuma in aka ɗaura shi a gefen MDF ba tare da an fara huda ƙaramin rami ba, sai ya tsage shi biyu. A huda da milimita 3, a bar santimita 5 daga kusurwa. Filawud mai kyau ya fi shi jure ruwa da ɗauka da saukewa, amma a dubi gefensa, in akwai ramuka tsakanin fallayen to zai yi zizza. Ɗanyen katako kada a soma, hunturu na zuwa zai bushe ya buɗe a mahaɗa. Silin bod da filawud mai siriri ma a manta da su.

Ga yanka na lita 28, da santimita. Ciki ya zama faɗi 30, tsawo 40, zurfi 27, wato lita 32 da ɗoriya. Lasifikar za ta cinye kamar 3, katakon tokare 1, saura 28.
Gaba da baya: 33.6 × 43.6, guda biyu.
Gefe: 27 × 43.6, guda biyu.
Sama da ƙasa: 30 × 27, guda biyu.
Rabin shit ɗin ƙafa 4 da 8 ya isa har da ragi. Ramin lasifika yawanci wajen santimita 23 ne ga inci 10, amma a kifa ta a auna, kada a yanke da ka.

Gam fari na katako shi ne ke riƙe akwati, sukuru matsewa kawai yake yi kafin gam ya kama. A shafa wadatacce har ya tsatso, sukuru kowane santimita 12 zuwa 15, a bar shi ya kwana. Sannan a tokare bango da bango da katako ɗaya daga gefe zuwa gefe, a ɗan kauce wa tsakiya. Ƙwanƙwasa jikin da yatsa: in ya amsa kamar ganga akwai saura, in ya yi tsit ya yi.

Mai Gyaran Rediyo, Herwagana: Ƙari a kan na Malam kafinta. In kun bi mahaɗar ciki da silikon, a bar shi kwana biyu a buɗe kafin a ɗaura lasifika, tururinsa mai warin tsami ba ya yi wa gam da soson bakin lasifika daɗi. Ramin da waya ta fita ma a toshe shi. Tsakanin ƙarfen lasifika da katako a sa siririn soso ko roba a zagaye. Gwajin yoyo mai sauƙi ne: danna takardar a hankali da yatsu a kewayen tsakiya, ka saki. In ta dawo sannu-sannu, akwatin ya rufu. In ta dawo fit ɗaya, ko ana jin fito in an sa 30Hz, akwai inda iska ke fita.

Ciki a zuba faibar filo, gram 300 zuwa 400, a warware ta, kada a danƙare, kada ta taɓa bayan takardar ko ta toshe ramin da ke bayan maganaɗisu. Tana sa akwatin ya yi kamar ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, tana kuma kashe amsa-kuwwar ciki. Mai bututu ba a cika shi, bango kawai ake liƙa wa.

Kuma don Allah a nisanta lasifika da wurin da ake goga ƙarfe ko walda. Maganaɗisu yana jan garin ƙarfe ya shiga tsagar koyil, fitar da shi sai an kwance takardar gaba ɗaya.

Oga Sola, Pantami: Mu dawo kan wuta, don a nan yawancin aikin ke mutuwa. Allon amfilifayar da ya dace da wannan tsari shi ne TPA3116D2 na 2.1, mai cif biyu, ɗaya na ƙanana biyu, ɗaya na bes. Ajin D ne, ba ya ɓarnar wuta, ba ya zafi sosai, abin da ake so ke nan a watan Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40. Ana rubuta masa 50 + 50 + 100, amma da sharaɗi. Iyakar wat ɗin da zai bayar shi ne bolt × bolt ÷ (2 × om). A bolt 12 da om 4, 144 ÷ 8, wat 18, a aikace ma wajen 15. A bolt 19 na cajar laftof, 45 a takarda. Shi 100 ɗin sai da bolt 24 da lasifika mai om 2. Taka mai om 4 a bolt 24 ka sa ran 50 zuwa 60 mai tsafta.

Zaɓi uku ne. Kai tsaye daga batir, ka haƙura da wat 15. Ko ƙaramin allon ɗaga wuta daga 12 zuwa 24, amma ka sani wat 100 a ɓangaren batir kusan amfiya 10 ne, sai waya mai kauri 2.5 ko 4, gajera, da fiyus na amfiya 15 dab da kan batir. Ko kuma ta inbata da adafta mai bolt 24, amfiya 5 ko 6.

Gargaɗi ga masu batir biyu a jere: kada ku ce ai bolt 24 ne ku jona kai tsaye. Lokacin caji yana kaiwa 28.8, shi kuwa cif ɗin iyakar aikinsa 26 ne, kafasitocin wasu allunan ma bolt 25 aka rubuta musu. Da rana tsaka za su kumbura.

Baba Mai Taransisto: Ku dai yaran zamani da allunanku. Amfilifaya mai taransisto 2SC5200 da 2SA1943, da taransifoma 24-0-24, ita ce ke da nauyin murya. Bayan dayod tana ba da wajen bolt 33 sama da ƙasa, kafasita 10,000µF mai bolt 50 guda biyu, ta ba ka wat 50 a om 8 ba gardama. In ta lalace kuma ana gyarawa. Allonku in ya ƙone sai shara.

Oga Sola, Pantami: Baba, gaskiyarka a kan gyara. Amma irin taka, ajin AB, kusan rabin wutar da ta ci zafi take zama, a kan batir ɗaya ba za ta kai dare ba. In inbatar kuma ba mai tsaftataccen igiya ba ce, taransifomar za ta dinga kuka, kukan ya shiga lasifika. Ga jabun 5200 ya cika kasuwa, a fasa shi a ga cif ɗin ciki ɗan ƙwarya-ƙwarya.

Baba Mai Taransisto: Jabu kam akwai. Wanda zai haɗa irin tawa, ya fara kunna ta da ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wayar wuta. In ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya ci gaba da haske, akwai gajeriyar hanya, a kashe. A auna bakin fitar sauti kafin a jona lasifika, kada DC ya wuce milibolt 50. Manyan kafasitocin nan kuma suna riƙe wuta bayan an zare soket, a sauke su da resista, ba da sukundireba ba.

Mai Gyaran Rediyo, Herwagana: Abu ɗaya game da TPA3116 da ke ƙona shi nan take: baƙaƙen wayoyin lasifikarsa ba wayar ƙasa (giraun) ba ne, kowace tana ɗauke da sauti. Kada a haɗa baƙar dama da baƙar hagu, kada ɗaya ta taɓa jikin ƙarfe. Kuma kada a jera lasifika biyu masu om 4 gefe da gefe a layi ɗaya na dama ko hagu, sun zama om 2, sai ya dinga yankewa. Biyu masu om 8 ba laifi, sun zama 4.

Ɗan Tumfure: Ƙananan fa? Om 8 ne su da tuwitocin. An ce kafasita ɗaya ta isa.

Malamin Fiziks: Ta isa ta hana tuwita mutuwa in ba a ƙure ba. 4.7µF a kan om 8 tana yankewa wajen 4200Hz, amma sannu take yankewa, ita kuma inci 5 ba a hana ta hawa sama ba, sai su yi ta taka juna, muryar mata da ta yara ta yi kaifi. Wanda ya fi shi ne a raba a 3000Hz da abu biyu-biyu. Ga tuwita: kafasita 3.3µF a jere, koyil 0.85mH a gicciye bayanta. Ga inci 5: koyil 0.85mH a jere, kafasita 3.3µF a gicciye. A wannan tsarin ana juya wayoyin tuwita, ja a baƙi, in ba haka ba za a samu rami a daidai 3000Hz. Koyil biyun kada a kwantar da su kusa da juna a fuska ɗaya, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye.

Kafasitar ta zama marar kai da gindi. In babu, a haɗa masu kai biyu gindi da gindi, amma ƙarfinsu ya koma rabi, biyu masu 6.8 su ba da 3.4. Tuwita yawanci ta fi ƙara. In ta yi tsini a kunne, resista om 2.2 a jere da om 20 a gicciye dab da ita suna rage 3dB. Om 4 da om 8 suna rage 6dB. Masu wat 10, na siminti.

Wannan lissafin yana ɗaukar om 8 a matsayin tsayayye, alhali om ɗin lasifika yana hawa da mita, don haka mafari ne, kunne zai ƙarasa.

Akwatinsu lita 6 zuwa 8 rufaffe ya isa, tunda bes yana wani wuri. Maɓallin yankan bes na jikin allon a ajiye shi tsakanin 80 da 100Hz. In aka kai shi 150 ko sama, kunne zai fara gane inda akwatin bes yake, murya ta rabu biyu.

DJ Bolari: Tuwita dai ko amfilifaya ƙarama tana kashe ta, ba sai babba ba. In aka ƙure ƙarama har sauti ya fara tsagewa, kan igiyar ya yanke, ragowar ya tafi sama ya dafa koyil ɗin tuwita. Da ka ji tsagewa ka rage. Kuma a daina zaton ninka wat yana ninka ƙara. Ninki biyu 3dB ne kawai, sai an ninka sau 10 kunne ke jin ya ninka. Lasifika mai 92dB a wat 25 daidai take da mai 89dB a wat 50.

Hajiya Mai Shago, Federal Low-cost: Akwai masu kuka da wani tsiii da ke fitowa in an jona Bluetooth.

Oga Sola, Pantami: Wannan in ƙaramin allon Bluetooth yana shan wuta wuri ɗaya da amfilifaya ne, wayar ƙasarsu ta zagayo ta haɗu ta hanya biyu. Maganinsa B0505S, ɗan mitsitsin abu mai ƙafa huɗu da ke raba bolt 5 ɗin, ko a ba shi cajar waya tasa daban. Gurnani mai kauri da ke zuwa in an jona talabijin ko dikoda, 50Hz ne na wutar gida. A zare wayar dish a gani, in ya tsaya to ta nan yake shigowa. A sa duk kayan a soket ɗaya, wayar shigar sauti ta zama mai sulke, gajera, kada ta kwanta tare da wayar wuta. Wanda bai canza ko an zare komai ba kuwa, a mai taransifoma, kafasitar tace wuta ce ta gaji.

Wayar lasifika: ta wutar gida mai 1.5 ta isa har mita 5 zuwa 6 a om 4, in ta kai mita 10 a koma 2.5. A kankare bakinta da reza, in cikin fari ne to alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta kama dalma da kyau kuma tana karyewa.

Mai Gyaran Rediyo, Herwagana: Kafin a rufe komai a gwada kai da gindi da batirin tocila mai bolt 1.5. Taɓa shi a bakin lasifika, in takardar ta turo waje, inda kan batir ya taɓa shi ne ja. Banda tuwita. In ɗaya daga ƙananan ta juye, murya ba za ta tsaya a tsakiya ba, za ta yi kamar tana yawo a bayan kai.

Malamin Fiziks: Saura ajiyewa. Ƙananan biyu da mazaunin mai sauraro su zama kusurwa uku daidai, kamar mita 2 tsakaninsu, a ɗan karkato su ciki. Tuwita a saitin kunne. A nan a yi la'akari da yadda ake zama a gidan: mai kujera kunnensa yana wajen santimita 95 zuwa 100 daga ƙasa, in kuwa a kan kafet ake zama, 70 zuwa 75 ne. Rataye su can kusa da silin yana zubar da rabin aikin, in dole ne a sunkuyar da su. Kujerar zama kada ta zauna a tsakiyar ɗakin cif, nan ne 40Hz ke ɓacewa, kada kuma ta manne da bangon baya, nan yake taruwa.

Wurin akwatin bes kuma ga dabara: ɗora shi a kan kujerar da ake zama, sa kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, ka bi gindin bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa, nan za a ajiye shi. Lungu yana ƙara ƙarfi, ga rufaffe mai wat kaɗan yakan taimaka, amma a gwada.

Tayil da bango tsirara suna sa magana ta cakuɗe. Tafa hannu a tsakiyar falon, in ka ji ƙarar ta yi wutsiya, sai kafet mai kauri tsakaninka da lasifikun, da labule mai nauyi mai ninki. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya taɓuka abin kirki, bes kuwa ko kusa.

Kafintan Kasuwar Katako: Zizzar da ake ɗora wa akwati ma sau da yawa ba shi ba ne. Gilashin taga mai zamiya ne, ko kwanukan jere a cikin kabad, ko murfin fitilar POP. Sa manhajar nan ta hau daga 30 zuwa 120Hz a hankali, kowane abu zai tona kansa a mitarsa, a bi shi da ɗan soso ko roba.

DJ Bolari: Wanda dai ya bi shawarata ya yi mai bututu, cikinsa ya zama 32 × 57 × 36. Ya kwantar da akwatin fuska sama, ya zuba ƙwayar gero kaɗan a kan takardar, ya hau daga 25 zuwa 50Hz. Inda geron ya fi lafawa alhali bututu na hura iska, nan ya saitu. In ya haura 35, bututun ya yi gajere. Shi ya sa ake yanko shi da tsawo a riƙa ragewa, kada a sa gam sai an gama. A sa raga a bakin ciki saboda ɓera da kyankyaso. In kuma gurnanin ya yi yawa a ɗakin, a cusa soso a toshe bututun, ya koma rufaffe.

Ɗan Tumfure: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, amfilifayar a sa ta cikin akwatin bes ko a waje?

Oga Sola, Pantami: A waje, cikin ƙaramin akwatinta mai ramukan iska sama da ƙasa. Cikin rufaffen akwati babu inda zafi zai fita, ga faiba kewaye da ita, girgiza kuma tana kwance dalma da sukurorin wayoyi. In lallai ana so su zama abu ɗaya, kafinta ya ƙara mata ɗaki daban a baya mai zurfin santimita 8, a buɗe ta sama da ƙasa, wayar da ta ratsa zuwa cikin lita 28 ɗin a toshe raminta da gam. Da hunturu a riƙa busa ƙurar da ke kan ƙarfen sanyaya cif ɗin duk bayan 'yan makonni.